Abin da Ban Faɗa wa Alƙali Ba

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Zuwa ga Barista,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata takardar nan ta same ki cikin ƙoshin lafiya kamar yadda ta bar mu a nan Durun. Na ba Kawunki Sabi'u ya miƙa miki a tasha, na kuma ce kada ki buɗe sai kin sauka Kaduna kin sha ruwa kin huta. To, ya hanya? Ya gajiya, ya baƙunta, ya mutanen gidan da suka sauke ki? Allah ya sa kin isa lafiya, ya tsare ki gaba da baya, ya haɗa ki da mutanen kirki a inda idonmu ba ya kaiwa.

Kin ga na rubuta Barista. Wallahi tun da mutane suka laƙaba miki wannan suna na samu sauƙi, don shekara ashirin da bakwai ke nan ina fama da "ke" da "yarinyar nan" da "'yar Gwarzo". Ke ce ta fari, bakina bai saba da sunanki ba, ashe alƙalamina ma kunyarki yake ji. Kada kuma ki yi wa rubutuna dariya. Na makarantar matan aure ne, da girma na koye shi.

Shekaranjiya da kika zo sallama mun yi hirar damina, mun yi ta tsadar taki, kin tambayi gwiwata. Kika ce ofishin lauyoyin da suka ɗauke ki aikinsu shari'ar aure da saki ne, da riƙon yara, da ciyarwa, da nuna wa mutane yadda za su tsara abin hannunsu bayan rabuwa. Na ce Allah ya taimaka. Iyakar abin da na ce ke nan. Bayan kin tafi ne Kawunki ya zauna a bakin ƙofa yana ta juya hula a hannu, sannan ya gaya mini cewa bara kin je kotu a Gwarzo, kin yi ta roƙo har aka zaro miki tsohon littafin shari'a, kika nemo ƙarar da aka yi a kanki kina 'yar shekara huɗu. Ya ce layi ɗaya kika karanta: uwar yarinya ta ce duk abin da manya suka yanke ya yi. Ya ce kin rufe littafin, kin yi godiya, kin fito.

Shekara guda kina ɗauke da wannan, kina zuwa kina durƙusawa kina gaishe ni, kina kawo mini sabulu da turare, ba ki taɓa tambayata ba. Abin da aka rubuta gaskiya ne, ni na faɗa da bakina. Amma ba zan yarda ki tafi wani gari kina zaton uwarki ba ta so ki ba. Zan gaya miki yadda aka yi har na kai ga furta wannan magana, kuma tun da aikinki ke nan yanzu, ki ɗauki kurakuraina ki yi wa matan mutane amfani da su.

Ni da babanki ba mugunta ce ta raba mu ba. Shi mai saurin baki ne, ni kuma mai riƙo, kin san shi kin san ni. Shekara biyu da aurenmu ya zo da shawarar kafa injin markaɗe a ƙofar gida, don unguwar babu, amma kuɗinsa bai kai ba. Ni kuwa ina da tumakin da na zo da su daga Durun, da 'yan kunnen zinare da na gada wajen Inna, Allah ya jiƙanta. Na sayar da su, na ƙulle kuɗin a gefen zane, na miƙa masa a ɗaka, daga ni sai shi. Ban ce rance ba ne, ban ce kyauta ba ce, ban ce jari muka haɗa ba. A raina rabin injin nawa ne. A ransa matarsa ce ta taimake shi, Allah ya saka mata. Haka muka zauna shekara uku kowa da abin da ya ɗauka.

Daga baya, da komai ya lalace, mahaifina, kakanki Malam, ya tambaye ni, "Wa ya shaida kin ba shi?"

Na ce, "Haba Malam, tsakanina da mijina sai na kira shaida?"

Ya ce, "Addinin da ya ce a kafa shaida a kan dukiya bai ce ban da miji ba."

Don haka duk matar da ta zauna a gabanki, ki fara da tambayarta me ta shigo da shi, me ta samu da hannunta, me ta zuba a sana'ar miji, kuma da wane suna ta zuba. Za ta ce miki ba komai, don mu ba ma lissafa akuya da adashe da zoben gado a cikin dukiya. Ki bi ta da haƙuri ɗaya bayan ɗaya. Yanzu ma kun ji daɗi, kuɗi ta waya ake turawa, saƙon banki yana nan ba ya mantuwa. Ki ce ta adana shi. Ke ma kanki, ranar da Allah ya kawo miji, in za ki ba shi abu mai nauyi ki faɗi sunansa a fili, rance ko kyauta, a gaban mutum biyu. Kunyar ta minti biyar ce.

Injin nan shi ya jawo sakin. Wata rana da hantsi na tambaye shi rabona a gaban ƙannensa, da gatse kuma na yi tambayar, ba zan ɓoye miki ba. Ya ga na tozarta shi, ya ce ya sake ni saki ɗaya. Kafin ya rufe baki na ɗauki mayafi, na saɓa ki a baya, na kama hanyar tasha. Tuwo na bari a kan wuta. Da na iso Durun, Malam bai ko bari na sauke ki ba ya ce, "Koma ɗakinki. Idda a gidan miji ake yi, ci da sha da wurin kwana duk a wuyansa suke." Na ce ko za a yanka ni ba zan koma a ce na rasa wurin zuwa ba. Malam mutum ne mai sanyi, Inna kuma ba ta raye balle ta ja kunnena. Ya ƙyale ni.

Da na zauna, wata uku ya ishi zuciyar babanki ta sauko, tawa ma haka. Ko da ba a daidaita ba, da na samu lokacin da zan tattara kayana a tsanake, in karɓi takardar saki, in yi maganar inji a gaban manya tun abin yana da ɗumi, in san inda zan sa ƙafa. Duk na zubar da wannan saboda kada matan unguwa su ce. Ki kula, Barista: in ba dukanta ake yi ba, in ba a tsoron lafiyarta, kada ki bar mace ta yanke komai a ranar da aka sake ta. Ranar nan ba ta ji ba ta gani. Ki tambaye ta inda za ta kwana da abin da za ta ci har wata uku, kafin ki tambaye ta wa ke da laifi.

Bayan idda aka kawo mini kayan ɗakina a mota, ba a riƙe ko cokali ba, wannan kam sai in yaba wa gidanku. Kin san abin da na yi da su? Cikin mako guda na kira dillaliya. Gado, katifa, kwalla, tasoshi, duk ta kwashe a farashin da ta ga dama, don ta ga idona a rufe yake, ba na son ganin abin da zai tuna mini ɗakin. Kuɗin da na samu ya isa jarin man gyaɗa har da saura. Sai uwarki mai hankali ta tafi kasuwa ta sayo atamfa turmi uku da takalmi da jaka, wai kada a gan ni a gidan biki a ce zawarci ya lalata ni. Na yi kyau kuwa, ba laifi. Wata biyu na yi ina kyau, sannan na koma roƙon Malam kuɗin sabulu.

Kuɗin farko da ya shigo hannun matar da aka saka, shi ne ƙafarta. Ki zaunar da ita ku raba shi uku: na abinci, na sana'a, da wanda ba za a taɓa ba sai ciwo. Na ukun nan ta sa shi a asusun da ke da sunanta ita kaɗai, ba na yayanta ba, ba na sabon mai zuwa zance ba. Kayan ɗaki kuma kada ta sayar sai ta huce, in ma za ta sayar ta ji farashi a bakin mutum uku. Ni sai da na yi shekara ina soya ƙuli-ƙulin wata ana biyana, kafin na tara abin da na watsar a mako ɗaya.

Yanzu ga wanda ya fi muni. Wata na farko bayan idda, babanki ya aiko ƙaninsa da buhun masara da kuɗin cefane, ya ce na yarinya ne. Na tsaya a zaure na ce a mayar masa, ba na son ko ƙwayar hatsinsa, wanda ya cinye mini inji ba zai rufe mini baki da masara ba. Wata na biyu ya sake aikowa, na sake mayarwa. Na uku bai aiko ba. A lokacin ji nake na yi bajinta. Ban tsaya na yi tunanin cewa buhun nan ba nawa ba ne balle in mayar. Naki ne. Abincinki na kora daga ƙofar gida don in huce haushin inji.

Za ki haɗu da irina da yawa, masu cewa ba sa son sisinsa. Kada ki yaba musu. Ki gaya musu a hankali cewa ciyar da ɗa haƙƙin ɗan ne, uwa ba ta da ikon yafe shi. A yanka abin da uba zai iya gwargwadon samunsa, a rubuta ranar biya da hanyar biya, a sa kuɗin makaranta da na asibiti daban, don nan ne rigima ke tashi. Kada kuma ki ɗora wa namiji abin da ya fi ƙarfinsa don ki burge wadda ta ɗauke ki. Wata biyu zai yi ya gudu, yaron ne zai kwana da yunwa.

Da damina ta yi tsakiya zazzaɓi ya kama ki, kika rame har wuyanki ya fito. Gwaggonki Hanne, yayar babanki, ta zo dubiya ta gan ki, ta koma Gwarzo tana kuka. Ban ga laifinta ba. Sati biyu bayan nan aka kawo sammaci: babanki yana neman a ba shi 'yarsa, tun da uwar ta ƙi karɓar ciyarwa kuma ba ta da abin riƙe ta.

Ranar shari'a kina waje a bayan Gwaggo Hanne. A ciki, Malam yana damana. A haguna ga kakanki na wajen uba, mai gari guda, surukin da ban taɓa ɗaga ido na dubi fuskarsa ba. Bayana kuma maza ne cike da benci. Alƙalin dattijo ne mai sanyin murya. Ya saurari kowa, sannan ya juyo gare ni.

Ya ce, "Baiwar Allah, shari'a ke ta ba riƙon yarinyar nan. Ciyarwa kuma ta ubanta ce, zan yanka masa, ke kuma ki karɓa. Abu ɗaya nake son ji. Kina son riƙon 'yarki?"

Ke kin yi boko, kin zauna a birni, ban sani ba ko za ki gane abin da ya kama ni. A yadda aka raine mu, mace ba ta nuna son ɗan fari a gaban manya. Ba ta kama sunansa, ba ta yi masa wasa a cikin mutane, in ya faɗi wata ce ke ɗaga shi. Wadda ta yi, fitsararriya ce, har uwarta sai an zaga. Ga ubana, ga surukina, ga maza, a ce in buɗe baki in ce ina son 'yar fari? Na ja mayafi na rufe fuska, na ce, "Ranka ya daɗe, duk abin da manya suka yanke ya yi."

Ya ce, "Ba manya na tambaya ba, ke na tambaya."

Wallahi a raina ihu nake yi. Jira nake Malam ya yi magana a madadina, don na ɗauka haka ake yi: ni in yi alkunya, shi ya karɓo mini. Shi kuma Malam yana yi wa surukinsa kara, yana jira in ce uffan ya tsaya mini. Sau uku alƙali ya tambaya. A na ukun har ya ajiye alƙalami ya jira. Da bai ji komai ba ya ce uwa ta sauka daga haƙƙinta, kuma tun da ba ni da uwa ko 'yar'uwa mace da za a miƙa wa, riƙo ya koma gidan uba.

Da muka fito na miƙa wa Gwaggo Hanne ƙullin kayanki. Kina barci, ban ko taɓa ki ba, don idon mutane. Matan da suka rako mu suna ta cewa, "Kai, 'yar Malam ta iya alkunya, wannan ita ce tarbiyya." Har murmushi na yi musu. Sai a motar komawa Durun kukan ya zo. Wata tsohuwa da ke kusa da ni ta ce, "'Yar nan, wa ya rasu?" Na ce ba kowa.

Ban san ana iya komawa a sake neman magana ba, ba wanda ya gaya mini, ni kuma ban tambaya ba. Bayan shekara biyu na yi wani auren, na haifi ƙannenki, hanyar ta ƙara nisa. Ba a rubuta ranar da zan riƙa ganinki ba, sai ya zama sai da dalili: suna, biki, gaisuwar mutuwa. In na zo kuma ga mutane, sai in tambayi lafiyar kowa, ke in dube ki ta gefen ido. Na san tsawonki a kowace shekara, na san lokacin da haƙoranki na gaba suka fita, na san ranar da kika fara sa hijabin Islamiyya ya yi miki yawa kina taka shi. Ke kuwa abin da kika gani shi ne wata mata daga Durun da ba ta ko kiran sunanki.

Wannan ita ce babbar nasihata, in kin manta sauran ki riƙe ta. In mace ta ce miki "duk yadda aka yi", ba ta gama magana ba. Ki fitar da ubanta da yayanta da kowane namiji daga ɗakin, ki rufe ƙofa, ki ba ta ruwa, ki sake tambaya. In ta yi shiru ki jira, kada ki cike mata shirun da naki zato. Kafin ranar kotu ki sa ta faɗi abin da take so da bakinta, sau biyu sau uku, har harshenta ya saba, don a gaban alƙali ba a karanta zuciya. Ki gaya mata abin da sabon aure zai iya canzawa a riƙon 'ya'yanta tun kafin ta amsa wa wani. Wanda kuma bai samu riƙo ba, uwa ce ko uba, a rubuta masa ranakun ganin ɗansa, kada a bar shi da "ai gida ɗaya ne, ko yaushe ka zo".

Kada abin da na gaya miki ya sa ki riƙe babanki a rai. Ya ciyar da ke, ya kai ki makarantar da ni ba zan iya ba, bai taɓa zagina a gabanki ba, an gaya mini. Gwaggo Hanne kuwa uwa ce, albashinki na farko ki fara da ita kafin ni. Mazan da za ki gani a ɗaya ɓangaren ma 'ya'yan wasu ne, da yawansu baki ne ya yi musu sauri. In akwai hanyar sulhu ki fara bin ta. Kuɗin aikinki halal ne, ki karɓa, amma kada ki karɓe jarin mace ki bar ta da takardar nasara a hannu. Wadda ba ta da shi yau, ki yarda ta biya kaɗan-kaɗan.

Saura amsar da alƙali ya jira bai samu ba. Ya riga mu gidan gaskiya, Malam ma haka, ke kaɗai kika rage da zan ba. Ina so. A ranar ina so, kafin ranar ina so, kuma ba a yi wata safiya a shekarun nan da na tashi ban so ba. Kunya ce ta hana ni faɗa, da zuciya, da wauta, ba rashin ƙauna ba. Na zalunce ki, na bar ki kin girma da tambayar da ba ki da wanda za ki yi wa. Ki yafe mini don Allah. In ba za ki iya yanzu ba, ba komai, ni ma na sa ki jira.

Allah ya tsare ki a zaune da tafe, ya kare ki daga sharrin mai sharri, ya sa gaskiya a bakinki, ya hana ki cin haƙƙin kowa, ya hana kowa cin naki. Allah ya yi miki albarka duniya da lahira, ya dawo mana da ke lafiya. Ƙannenki suna gaishe ki, mai gidan ma yana sa albarka.

Roƙo ɗaya gare ni. In an ba ku hutun Sallah, bayan kin gaida mutanen Gwarzo, ki zo Durun ki kwana biyu, ba wuni ba. Tun kina shekara huɗu hannuna bai sake shiga kanki ba, kuma har yanzu ana yabon kitsona a garin nan. A tsakar gida zan yi miki, kowa yana gani, mai magana ya yi. Kada ki ba wata kitson a Kaduna. Ki zo da kan a tsefe.

Wassalam.

Ni ce mahaifiyarki,
Rabi, Durun.